Laka Ba Ta Mantuwa: Labarin Damina Da Fari A Cikin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ta, ya san ƙasa ba iri ɗaya ba ce. A sama akwai ƙasar noma. In an nitsa kaɗan sai a tarar da jan rairayi. Daga nan sai marmara, ko tsakuwa, ko farin yumɓu. Kowace tana kwance a kan 'yar'uwarta, kamar tabarmi da aka jibga a ɗaki. Mai haƙar rijiya ya san su duka. Yakan ce in an wuce kaza, to ruwa ya kusa.

Ko ka taɓa tambayar kanka me ya shimfiɗa waɗannan tabarmi? Ruwa da iska ne suka kawo su, kaɗan-kaɗan, cikin shekaru masu yawan gaske. Wadda ke can ƙasa ita ta riga zuwa. Wadda ke sama ita ce ta baya-bayan nan. Ashe mai haƙar rijiya, kowace gaba ya ƙara nitsawa, zamanin da ya wuce yake komawa.

Akwai masana da wannan ne aikinsu. Suna ciro laka daga ƙarƙashin ruwa, su auna ta, su faɗi lokacin da aka yi damina mai albarka da lokacin da aka yi fari, tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Abin da suka gano ya shafi kowane manomi da kowane makiyayi a ƙasar Kebbe da Tambuwal.

Ina jan ruwan damina ke tafiya?

A watan Agusta, in an yi ruwa mai ƙarfi a Fakku ko Kuchi ko Tambuwal, ka dubi ruwan da ke gudu a kan hanya. Za ka gan shi ja, wani lokaci kamar kunun kanwa. Ƙasar gonakinmu ce ta rina shi.

Wannan ruwa yana faɗawa ƙorama, ƙorama ta kai shi gulbi. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya wuce Jega, yana juyewa cikin Gulbin Kabi. Gulbin Ka ma haka. Gulbin Kabi shi ne wanda ya ratso ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi. Shi kuma yana juyewa cikin kogin Kwara. Kwara ya wuce Yawuri da Kainji da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya miƙe kudu har teku.

A kan hanya wata lakar tana kwanciya a fadama. Shi ya sa fadama ta fi tudu ƙarfi. Wadda ta fi laushi kuwa sai ta ci gaba da tafiya.

Da Kwara ya kusa teku sai ya rarrabu kamar yatsun hannu. Wannan wuri shi ake kira Neja Dalta, a jihohin Bayelsa da Dalta da Ribas. A nan ruwa ke rage gudu. Ruwan da ya rage gudu kuwa ba ya iya riƙe kayansa, dole ya sauke.

Kana iya gwada wannan a gida. Ɗebi jan ruwa a kwalba, ka girgiza, ka ajiye. Rairayi zai fara kwanciya nan take. Laka ta biyo baya. Yumɓu mai laushi sai ya kwana kafin ya sauka. Da safe za ka ga zane-zane a gindin kwalba.

Haka Kwara yake yi kowace shekara, tun miliyoyin shekaru. A wasu wurare a Neja Dalta kaurin abin da ya jibga ya wuce kilomita 10, wato tafiyar sa'a biyu a ƙasa. Man fetur ma daga cikin wannan tsohuwar laka ya samu. Ragowar ƙananan halittu da tsirrai ne da laka ta binne, zafi da nauyi suka dafa su. A Oloibiri aka fara samun man mai yawa, a shekarar 1956.

Yadda ake ciro lakar

Masana suna shiga babban jirgin ruwa su tafi gaban bakin kogi, inda ruwa ke da zurfi kuma laka ke kwance ba abin da ke dama ta. Sai su saki dogon bututun ƙarfe mai nauyi. Bututun ya soke laka kamar yadda ɗan awo ke soka buhun hatsi don ya ga abin da ke ciki. In an jawo shi sama, laka ta cika shi, tana nan yadda take kwance.

Sai a tsaga bututun biyu. A ga zane-zane, wani baƙi, wani ja, wani toka-toka. A yanka ta siriri-siriri kamar ana yanka albasa, a sa wa kowane yanki lamba, a kai ɗakin bincike.

A shekarar 2003 wani jirgin binciken Faransa ya ciro irin wannan sandar laka a gaɓar Kamaru, wurin da ruwan Kwara da na kogin Sanaga ke kaiwa. Tsawonta ya wuce mita 30. Da wani masani mai suna Syee Weldeab da abokan aikinsa suka auna ta, sai suka sami labarin damina na shekara 155,000. Sun bayyana sakamakon a 2007. Kafin su, masanan Jami'ar Bremen ta Jamus sun bayyana wata a 2001, wadda aka ciro a gaban Neja Dalta. Ita labarin shekara 245,000 ta ƙunsa.

Alamomi huɗu da ake dubawa

Laka ba ta magana. To yaya ake jin abin da ta ce? Da alamomi, kamar yadda maharbi ke gane dabba da sawunta.

Alama ta farko ita ce sinadaran da ke cikin lakar. In ana ruwa sosai, ruwa yana ruɓar da dutse ya mai da shi yumɓu mai laushi. Irin wannan yumɓu yana da alminiyam da ƙarfe da yawa. Alminiyam shi ne abin da ake ƙera tukwanen zamani da shi. Ƙarfe kuwa shi ke sa marmara ta yi ja. In ana fari, kogi ba ya kawo yumɓu da yawa. Sai iskar hunturu ta kawo ƙura da ɓarɓashin rairayi daga hamada ta zuba a teku. Akwai na'urar da ke haska laka ta faɗi yawan kowane sinadari. Da haka ake rarrabe shekarun kogi da shekarun ƙura.

Alama ta biyu ita ce ƙoƙon wasu ƙananan halittun teku. Suna da ƙoƙo kamar katantanwa, amma ba su fi ƙwayar rairayi girma ba. Suna gina ƙoƙonsu da abin da ke cikin ruwan da suke zaune. Ruwan kogi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira bariyam, fiye da ruwan saman teku. In kogi ya cika ya kwararo da ƙarfi, sai bariyam ya yi yawa a ƙoƙon. In kogi ya ja baya sai ya ragu. Halittar ta mutu, ƙoƙon ya nutse cikin laka, ya ajiye shaidar.

Alama ta uku ita ce garin fure. Ka san garin da ke zuba daga kan masara ko gero lokacin bununi. Kowane tsiro da kamannin garinsa in an duba da madubin ƙara girman abu. Kuma garin fure ba ya saurin ruɓewa cikin laka. In an ga garin ciyawa ya yi yawa, an san ƙasar fili ce. In na manyan itatuwa ne, an san kurmi ne. Akwai kuma wani icce da ba ya fitowa sai inda ruwan gishiri da ruwan daɗi suka haɗu. Yawan garinsa a cikin laka yana nuna lokacin da teku ya hauro kan tudu.

Alama ta huɗu ita ce ke faɗin shekaru. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani irin sinadari da ake kira kabon 14. Ran da ya mutu, sinadarin zai fara raguwa, kuma a kan ƙa'ida yake raguwa. Bayan shekara 5,730 rabi ya tafi. Bayan wata 5,730 rabin abin da ya saura ya tafi. Kamar fitilar da ka san yawan kananzir da take sha ce. In ka duba abin da ya rage, ka san tun yaushe aka kunna ta. Wani masanin Amurka mai suna Willard Libby ne ya gano wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940. Tana aiki har zuwa kimanin shekara 50,000. Abin da ya wuce haka akwai wasu hanyoyin auna shi.

Lokacin da teku ya zo Sakkwato

Kafin mu ji abin da lakar Kwara ta ce, bari mu duba ƙarƙashin ƙafarmu. Tsohuwar laka in ta daɗe takan zama dutse. Irin wannan dutse yana nan a jiharmu, kuma ana karanta shi kamar yadda ake karanta lakar teku.

Yau daga Sakkwato zuwa bakin teku ya fi kilomita 700. Amma a Kalambaina, inda kamfanin siminti ya fara aiki a 1967, farin dutsen da ake fasawa cike yake da ƙoƙon halittun teku. Akwai masu kama da katantanwa, akwai masu kama da makankari. Dutsen kansa tarin ƙoƙon ne da ya daskare. Shekarunsa sun kai kimanin miliyan 60.

A ƙasar Dange ana samun haƙoran manyan kifayen teku, da ƙasusuwan kada da na kunkuru. Ana kuma samun dutsen fosfet, irin wanda ake yin takin supa da shi. A ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. A 1972 masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Da wannan suna aka san shi a duk duniya. Wani masani ɗan Nijeriya, Farfesa Cornelius Kogbe, ya yi shekaru yana binciken waɗannan duwatsu a shekarun 1970.

Me duk wannan ke nufi? A wancan zamani duniya ta fi yanzu zafi, teku kuma ya fi yanzu cika. Wani reshensa ya taso daga arewa, daga wajen Bahar Rum, ya ratso inda Sahara take yau, ya malalo har ƙasar Sakkwato. Ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma. Babu ɗan Adam a lokacin. Amma duk wanda ya shafe ɗakinsa da simintin Kalambaina, da ragowar wancan teku ya shafe shi.

Lokacin da hamada ta sauko

Yanzu mu matso kusa, mu koma ga lakar Kwara. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi sanyi ƙwarai. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka. Ruwan da ya kamata ya koma teku sai ya daskare a kan tudu. Teku ya ja baya, ya sauka da kimanin mita 120, wato wajen gaba 65. Bakin teku ya yi nisa da inda yake yau.

A lakar wancan lokaci yumɓun kogi kaɗan ne, ƙura ta fi yawa. Damina ta yi rauni. Hamada ta sauko kudu da kilomita 400 ko fiye. Iska ta tara tuddan rairayi a arewacin Sakkwato da Katsina da Kano da Jigawa. Wani Baturen Ingila mai suna Grove ya yi rubutu a kansu a 1958. Yawancin jigawar da ake shuka gero da gyaɗa a kanta yau, tsofaffin tuddan hamada ne da ciyawa da itatuwa suka danne. In an kwashe abin da ya danne su, iska tana iya tashe su.

Lokacin da Sahara ta yi kore

Daga baya ƙanƙara ta narke, teku ya sake cikowa. Damina ta dawo da ƙarfinta. Tun a 1978 masanan Faransa suka ga alamar haka a lakar gaban Neja Dalta. Tsakanin kimanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, Kwara ya zuba ruwa a teku fiye da yadda yake yi yau nesa ba kusa ba.

Akwai shaidu a kan tudu da suka gaskata lakar. Tafkin Chadi a lokacin ya fi Jihar Sakkwato girma fiye da sau 10. A 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da icce a ƙasa. Da aka tono shi duka a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Kabon 14 ya nuna ya wuce shekara 8,000. Ba a san jirgin da ya girme shi a Afirka ba.

A Gobero, cikin hamadar Jihar Agadas ta Nijar, an gano tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000. Mutanen wurin a bakin tafki suka zauna. An tarar da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, irin wanda ake kamawa a bikin Argungu. Yau wurin rairayi ne iyakar ganinka.

Me ya kawo wannan canji? Duniya tana juyawa ne kamar katantanwar da yara ke murzawa. In ka lura, katantanwa tana juyawa tana kuma ɗan layi. Duniya ma tana yin wannan layi, amma zagaye ɗaya na tasirinsa ga damina yana cin kimanin shekara 21,000. A wani lokaci na zagayen, rana tana dukan arewacin Afirka da ƙarfi a bazara. Ƙasa ta yi zafi, ta jawo iskar damina daga teku ta kai ta can cikin Sahara. Da zagayen ya wuce, sai iskar ta daina kaiwa. Kimanin shekara 5,000 da suka wuce tafkuna suka fara ƙafewa, mutane da dabbobinsu suka yi ta gangarowa kudu.

Farin da ya fi wanda muka sani

Dattawa suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Da yawanmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa, rumbuna suka zama wayam. Mutum zai ce ba a taɓa yin kamarsu ba. Laka ta ce an yi.

A Kajemarum, wani kwari mai ruwa a tsakanin tuddan rairayi a arewacin Jihar Yobe, masana sun ciro laka mai labarin shekara 5,500. Sun bayyana abin da suka gani a shekarar 2000. Ƙurar hamada ta fara ƙaruwa kimanin shekara 4,700 da suka wuce. Daga kimanin shekara 4,100 da suka wuce ruwan damina ya ragu, bai kuma koma yadda yake ba. Daga shekara 1,500 zuwa yau an sha yin fari mai ɗaukar shekaru gommai, wani ma har ɗari. Akwai wani mai tsawo da aka yi tsakanin shekara 1,200 da 1,000 da suka wuce.

A ƙasar Gana kuma, kusa da Kumasi inda fatakenmu ke zuwa sayen goro, akwai tafkin Bosumtwi. Lakarsa tana kwanciya zane ɗaya kowace shekara, har ana iya ƙirga su. Binciken da aka bayyana a 2009 ya nuna fari mai shekara 30 zuwa 40 ya sha zuwa yankin. Akwai ma wanda ya kama daga wajen 1400 har zuwa 1750, wato shekara 350. Ya ƙare 'yan shekaru kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Wannan labarin ƙasar Gana ne, kuma kowane yanki da nasa. Amma iskar damina ɗaya ce ke shayar da mu da su.

Sawun ɗan Adam a cikin laka

Canje-canjen da muka ambata babu hannun mutum a cikinsu. Amma a zanen laka na sama-sama an fara ganin sawunmu.

Kusa da bakin kogin Sanagal masanan Jamus sun ciro laka mai shekara 3,200, suka bayyana sakamakon a 2010. A mafi yawan wannan lokaci, ƙura tana ƙaruwa ne in an yi fari, ta ragu in an sami ruwa. Amma daga farkon shekarun 1800 sai ƙura ta yi tsalle. Lokacin ne aka shiga sare daji ana buɗe manyan gonaki don noman sayarwa, irin su gyaɗa. Ƙasar da aka tuɓe wa riga, iska ce ke kwashe ta.

Madatsun ruwa ma sun canza tafiyar laka. An gama na Kainji a 1968, na Bakolori a 1978, na Goronyo a 1984. Suna ba da lantarki da ruwan noman rani da ruwan sha. Amma ruwa in ya tsaya a bayan madatsa sai ya sauke lakarsa a nan. Madatsa tana cikewa a hankali, fadamar da ke gaba tana rasa wani abu daga rabonta, bakin teku ma haka. Yawan zaizayar ƙasa a gonakinmu yana ƙara saurin cike madatsun.

Teku yana sake tasowa

Hayaƙin fetur da gas da kwal da duniya ke ƙonawa yana taruwa a sama yana riƙe zafi. Daga wajen 1850 zuwa yau zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Ƙanƙara tana narkewa, ruwan teku kuma yana kumbura in ya ɗumama. Tsakanin 1901 da 2018 teku ya tashi da kimanin santimita 20, wato taƙi ɗaya, kuma saurinsa yana ƙaruwa.

Taƙi ɗaya kamar ba kome ba ne. Amma a ƙasar da take shimfiɗe kamar faifai, yana cin fili mai yawa. Garin Ayetoro a Jihar Ondo teku ya riga ya cinye babban ɓangarensa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Fakku da teku? Da ruwansa. Samarinmu suna cin rani a Legas da Fatakwal da Warri. Can ake kai shanunmu da albasarmu. Bayan haka, zafin da ke narkar da ƙanƙara shi ne ke dama mana damina. Ruwa ya ɗan dawo bayan farin 1984, amma ya canza hali. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a yankin Sahel tun daga 1982. Mun ga ambaliyar 2010 a ƙasar Goronyo da sauran garuruwan Gulbin Rima. Mun ga ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Ga shi kuma a shekara guda ana iya yin ambaliya a Agusta bayan ruwa ya ɗauke na mako uku a Yuni.

To, me ya kamata mu yi?

Abin da laka ta koya mana shi ne damina ba ta da alkawari. Ƙasar nan ta ga yalwa ta ga ƙunci, kuma kowannensu yana iya daɗewa. Mai hankali yakan shirya wa duka biyu.

Na farko, mu riƙe ƙasarmu a gonarmu. Jan ruwan da ke fita daga gona, ƙarfin gonar ne ke tafiya. A yi kunya a gicciye, kada ta bi gangara. A jera duwatsu a kan hanyar ruwa. A dasa gamba ko jema a iyakar gona da bakin kwazazzabo. In an ga zaizaya ta fara, a toshe ta tun tana ƙarama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, mu bar itatuwa su tashi. Manoman Maraɗi sun fara wata dabara bayan farin 1984, suna kiran ta sassabin zamani. In ana sharar gona ba a tumɓuke kututture. Sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sare saura. Cikin 'yan shekaru sun zama itatuwa. Da wannan dabara miliyoyin kadada sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba ta cin ko kwabo. Gawo kuwa kowa ya san hatsin gindinsa ya fi na fili.

Na uku, kada mu dogara ga iri ɗaya. A haɗa mai saurin nuna da mai jinkiri. A haɗa gero da dawa da wake. In shekara ta yi kyau, kada a sayar da hatsi duka da kaka. A bar wani abu a rumbu.

Na huɗu, mu karanta ƙasa kafin mu yi gini. In kana haƙa harsashi ka ga zanen farin rairayi da baƙar laka suna bin juna, to gulbi ya sha kwana a wurin. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ko ya yi shekara 30 bai zo ba, wata rana zai zo. A tambayi dattawa iyakar inda ambaliya ta taɓa kaiwa.

Na biyar, mu tattala ruwan rijiyar burtsatse. A wasu sassan Sakkwato da Kebbi an auna ruwan da ke can ƙasa da kabon 14, aka tarar ya yi dubban shekaru a kwance. Tsohon ruwan sama ne da aka yi tun zamanin da ya wuce. In an zuƙe shi ba ya saurin dawowa. Kada a bar famfo yana zuba a banza.

Na shida, mu saurari rediyo. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana faɗin lokacin da ake sa ran saukar damina da ɗaukewarta. Hukumar kula da koguna kuma tana faɗin wuraren da ake tsoron ambaliya. A tambayi malamin gona abin da aka ce game da ƙaramar hukumarmu kafin a yi shuka.

Ruwan da za a yi bana ma zai ɗauki laka ya kai teku, ya shimfiɗa sabon zane a kan na bara. Yawan ƙasar Fakku da za ta shiga cikin wannan zane ya danganta da abin da muka yi a gonakinmu kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga fari da ambaliya.